Shekarar da Na Ari Bakin Na'ura

Jiya da la'asar hadarin farko na bana ya taso mana a Samaru. Ina zaune a ofis na ji iska ta juya, ƙamshin ƙasa ya riga ruwan isowa, masu talla a bakin titi suka shiga tattara farantansu. Abokan aikina duk suka fito baranda suna murna, ni kuwa gabana ne ya faɗi. Ina da lissafi yana tafiya a lokacin, mai cin kwana biyu, amma yana can cikin wata babbar na'ura da ban taɓa gani da idona ba, a ɗakin da ba a ɗauke wuta. Na duba waya na ga yana tafiyarsa lafiya lau. Duk da haka hankalina ya ƙi kwanciya, don ba aikin bana ke damuna ba. Wata shekara ce can baya, wadda azumi ya faɗo a tsakiyar bazara, ita ce har yau ba ta sake ni ba.

A lokacin ina ƙaramar ma'aikaciya a wani sashen binciken noma, kuma ina neman digiri na uku. Aikina a kan ruwan shuka yake. Kowane manomi a ƙasar Zazzau ya san wannan ciwon kai: ruwa ya sauko, ka shuka, sai ya ɗauke ƙafa na mako biyu ko uku, iri ya ƙone a ƙasa. Idan kuma ka ce bari ka jira, wata shekarar sai ka makara. Shekara biyu na yi ina kwafe tsofaffin littattafan ma'aunin ruwan sama, waɗanda wasu bayin Allah suka cika da hannu tun kafin a haife ni, wasu shafukan gara ta ci rabinsu. Da na gama sai na rubuta wa kwamfuta jerin umarni, abin da muke ce wa sikirif, don ta ɗauki wannan tarihin ta yi ta gwada shuka a kowace rana ta kowace damina, ta maimaita sau dubbai, ta faɗa mana lokacin da iri ya fi tsira. A baki abu ne mai sauƙi. A na'urar da muke da ita a lokacin kuwa, kwana biyar yake ci ba tsayawa.

Da a kan digirin kawai abin ya tsaya, da da sauƙi. Amma akwai Kawu Ilu.

Kawu Ilu yayan mahaifiyata ne, manomi a Bomo, kuma shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, Hajara, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata. A kan kekensa na yi firamare. Mutum ne mai alfahari da ni fiye da kima. Ko a wurin jana'iza aka zauna, sai ya san yadda ya karkato da hira ta biyo ta kan 'yarsa mai kwamfuta. A ranin shekarar na samo masa irin masara mai saurin nuna, tiya huɗu, ya ɗibi rabi ya raba wa maƙwabtan gonarsa uku. Tsohon irinsa kuwa, tun da na ce ga wanda ya fi shi, sai ya sa aka niƙa aka yi tuwo. Ni kuma da bakina, ba wanda ya matsa mini, na ce masa bana ba za su shuka a makance ba, na'ura za ta gaya musu lokaci.

"To, Uwata, mun bar miki," in ji shi. "Ke ce hannu na bana."

Ya faɗi haka ne don shi da hannu yake auna ruwan shuka, kamar yadda ubansa ya koya masa. In an yi ruwa sai ya je gona da sassafe ya tona ƙasa. In damshi bai wuce kamu guda ba, ko duk Bomo ta fita da sungumi shi yana gida yana gyaran kotar fartanya.

Azumi ya kama, zafi ya kai inda ya kai. Muna zaune a Jushi a lokacin, ni da maigidana da yara biyu, a ɗaki biyu masu rufin kwano ba silin. Tun ƙarfe tara na safe kwanon yake fara ƙara. Ruwan randa kansa ɗumi yake yi, ƙanƙara kuwa sai wanda ya riga zuwa layi a Sabon Gari, wani lokacin in aika a dawo mini da leda mai ruwa kawai a ce ai ƙanƙara ce ta narke a hanya. Wuta takan zo bayan sahur ta yi awa biyu ta gudu. Kullum bayan asuba nake jiƙa gero, in wanke kayan yara, in shirya su, sannan in hau bas zuwa Kwangila, daga nan in sake wata zuwa Samaru. Kafin in isa ofis leɓena ya bushe, mayafina ya manne a wuya.

Na fara gwada aikin a gida, a kan tsohuwar laftof ɗina. Na ɗora ta a kan bulo biyu kusa da randa don iska ta ratsa ƙarƙashinta, na sa yara suka rantse ba za su taɓa ba. Ta yi awa shida tana huci, sannan ta mutu da kanta saboda zafi. Maigidana ya dube ta ya ce ita ma azumin ne ya kayar da ita, a ba ta kunu. Ban yi dariya ba.

Sai na koma ga na'urar sashenmu. Guda ɗaya ce mai ƙarfi, tana wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda, kuma mu fiye da goma muke rububinta. Mai kula da ɗakin shi ne Baba Dogara, dattijo Kirista mai gajeren gemu fari, wanda ya fi kowa daɗewa a sashen. Shi ke buɗewa, shi ke rufewa, shi ke tayar da ƙaramin janareto in an ɗauke wuta, shi ke zuba wa batir ruwa. Bai san rubuta umarni ko ɗaya ba, amma ya san kukan na'urar nan fiye da mu duka.

Akwai wata al'ada a ɗakin da na tarar. Duk wanda ya kunna dogon aiki sai ya bar shafinsa a buɗe a allo, lambobi suna ta gudu, ya ɗauko wani jan ƙyalle da ke rataye a ƙusa ya rufe kibod da shi. Jan ƙyalle yana nufin kar a taɓa. Yana kuma nufin wani abu ga Baba Dogara. Shekarun baya tsawa ta taɓa ƙona musu na'ura ta hanyar waya, tun daga nan in hadari ya taso sai ya leƙa ɗakin. In ya ga jan ƙyalle, sai ya raba na'urar da wutar bango ya bar ta a kan batir har ruwa ya wuce. In bai gani ba, sai ya kashe komai ya zare fulogi ya kulle ƙofa. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, amma kowa ya sani.

Na kunna aikina ranar Litinin na shimfiɗa ƙyalle. Matsalar ita ce, a da mutum yakan riƙe ƙyallen na awa uku ko kwana ɗaya, ni kuwa kwana biyar nake nema, kuma ana gab da jarrabawa. Ranar Laraba na zo na tarar da ƙyallen a ƙusa, wani yana buga takardun tambayoyi. An rufe shafina, aikin ya mutu tare da shi. Har yau ban san wanda ya fara rufewa ba, kowa ya ce haka ya tarar. Na tsaya a baranda ina faɗa, har wata babbar malama ta ce mini, "Hajara, azumi kike yi fa. Kuma na'urar nan ba gadon gidanku ba ce." Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi.

Malam Auwalu ne ya fitar da ni. Shi ne masanin kwamfutar sashen, mutum mai sanyin magana wanda ba ya gaggawa ko gobara ake yi. Ya ja kujera ya zauna kusa da ni.

"Malama, ke kika ɗaure aikin a jikin shafin," in ji shi. "Shi ya sa in an rufe shafi yake mutuwa. Tura shi bayan fage mana."

Ya nuna mini. Kalma ɗaya za ka sa a gaban umarnin, nohup, ka sa wata 'yar alama a ƙarshensa, ka kuma ce duk abin da zai faɗa ya rubuta a fayil maimakon allo. Shi ke nan. Sai ka rufe shafinka ka fita abinka, aikin yana can ciki yana tafiya, ba mai ganinsa, wani ma ya zo ya buga takardunsa ba abin da zai same shi. In kana son sanin inda ya kai, ka buɗe fayil ɗin ka duba layin ƙarshe. Ya kuma tambaye ni ko sikirif ɗin yana ajiye abin da ya samu a hanya, ko sai ya kai ƙarshe yake rubutawa gaba ɗaya. Na ce sai ƙarshe. Ya ce gara in gyara, don in wani abu ya faru in ci gaba daga inda ya tsaya. Na ce gyaran zai ci mini kwana biyu, kuma ba ni da su. Ya ɗaga kafaɗa ya ce Allah ya tsare.

Ranar Litinin ta biyu da hantsi na tura aikin bayan fage, na rufe shafi, allo ya koma baƙi. Daɗi ya kama ni har na ji kamar na sha ruwa. Ba sauran rigima da kowa, ba sauran jan ƙyalle. Na bi ofis-ofis na gaya wa duk mai amfani da na'urar cewa ina da aiki a ciki, kada wanda ya kashe ta. Kowa na gaya wa, ban da Baba Dogara. Ba mantuwa ce zalla ba, kuma a nan ne nake jin kunyar kaina. Na wuce shi a bakin ƙofa yana goge fitilar janareto, muka gaisa, na raya a zuciyata cewa wannan bayani ne na masu ilimin na'ura, ina zan fara da tsoho.

Daga nan na aika wa Kawu cewa ranar Asabar zan zo da amsa.

Kwanakin nan huɗu, abin da na fi yi shi ne leƙa fayil. In na iso da safe in leƙa, kafin azahar in leƙa, kafin in tashi in leƙa. Layukan suna ƙaruwa a hankali, gwaji na kaza ya ƙare, an shiga na kaza. A gida ina dama kunu ina lissafin inda ya kai yanzu. Sama kuma ta fara nauyi. Da yamma gabas takan yi baƙi, a yi walƙiya daga nesa, iska ta ɗauke gaba ɗaya har ganyen mangwaro ya daina motsi, sannan hadarin ya watse ya bar mu da gumi. Kowa a bas zancen ruwa yake yi. Ni kaɗai nake roƙon Allah a ɓoye ya ɗan jinkirta shi zuwa Asabar.

Ranar Juma'a na leƙa da ƙarfe goma sha biyu, na ga saura kaɗan, da safiyar Asabar zai kammala. Maza suka tafi masallaci, ni na kama hanyar gida don in riski kasuwa. Kamar kowace Juma'a, Baba Dogara kaɗai aka bari a sashen. Ina Kwangila iska ta taso da ƙarfi, ledoji suka tashi sama, masu lemo suka rungume tirensu. Kafin in kai Jushi ruwa ya tsuge. Ruwa ne na gaske, mai tsawa, irin wanda ke cika kwata cikin minti kaɗan. Yara suka fito tsirara suna tsalle, mata suka jera bokitai a bakin indararo, ni ma na jera nawa. Ranar muka yi buɗa-baki cikin sanyi, karo na farko tun da watan ya kama, kuma har ga Allah ban kawo komai a raina ba.

Da safe na isa Samaru na tarar da ɗakin shiru. Ba ƙarar fanka, ba 'yar koriyar fitila. Fulogi yana kwance a kan tebur, an naɗe wayarsa tsaf. Na kunna, na buɗe fayil. Layin ƙarshe ya tsaya a ƙarfe biyu da 'yan mintoci na ranar Juma'a. Babu sakamako ko ɗaya, tunda sai a ƙarshe yake rubutawa. Kwana huɗu da ɗoriya sun tafi a banza.

Baba Dogara ya shigo da tsintsiya, yana murmushi.

"Malama, barka da ruwa. Kin ga yadda Ubangiji ya yi mana jiya? Da ƙyar na riga tsawan nan, ina zare waya tana faɗuwa."

Ban amsa barkar ba. Na ce masa ya kashe ni. Na ce masa aikin shekara biyu ne, na ce mutane suna jirana a Bomo, na ce me ya kai shi taɓa abin da bai sani ba. Na faɗi wasu maganganun da ba zan maimaita ba, ga mutumin da a haife ya haife ni, kuma da azumi a bakina. Ya jingine tsintsiyar ya saurare ni har na gama.

"'Yata, na leƙo," in ji shi a hankali. "Allo baƙi, ƙyalle yana ƙusa. Tun kina goyo nake ɗakin nan, ba wanda ya taɓa ce mani injin nan yana aiki da ido a rufe. Da kin faɗa mani, ai da a kan batir zan bar shi."

Na sake tura aikin, na ɗauki jakata na fita ko sallama ban yi masa ba.

Bomo ta yi kyau a safiyar nan. Ƙasa ta yi ja-ja, kwaɗi suna kuka a kududdufi, ko'ina ka duba mutum ne da sungumi a kafaɗa. Na tarar da Kawu a bakin gonarsa tare da maƙwabtan nan uku da ya ba iri, kowa da ƙwaryarsa a rufe, ba wanda ya fara. Ni suke jira. Kawu ya riga ya tona rami a gefen kunya. Bayan mun gaisa ya kama hannuna ya kai ni, ya durƙusa ya sa yatsunsa.

"Kin gani, Uwata? Yatsa huɗu. Ƙasan shi busasshe ne ƙurmus. Ruwan jiya gudu ya yi, bai zauna ba. In don ta ni ne, da na ce a dakata." Ya miƙe yana kakkaɓe hannu, ya ɗaga murya don sauran su ji. "Amma ni hannu ɗaya gare ni. Ita ko na'uran nan ta ga damina sama da nawa. To, me ta ce?"

Malam Bawa, ɗaya daga cikin maƙwabtan, ya ce, "Ai tun asuba Ilu ya hana mu sakat. Wai sai likitan ruwa ta iso."

Suka yi dariya. Kawu ma yana dariya, amma idonsa yana kaina, cike da wannan alfaharin nasa. Abin da ya kamata in faɗa gajere ne: aikin ya lalace, ku bi hannun Kawu. Na buɗe baki in faɗa. Sai na hango yadda Malam Bawa zai kai labarin majalisa, yadda za a yi ta tsokanar Kawu har kaka cewa kwamfutar 'yarsa tsoron tsawa take yi. Na tuna kuma wani ɗan gwaji da na taɓa yi da daminu uku kacal, wanda ya nuna shukar wuri ba laifi. Na ɗaga kai na ga sama har yanzu da gajimare. Duk wannan bai fi ƙiftawar ido ba.

"Ta ce a shuka," na ce.

Na ari bakinta na ci mata albasa. Kawu ya sake duban raminsa, sannan ya tura ƙasa da ƙafa ya rufe shi.

"To, bismillah," in ji shi.

Har ni aka yi shukar. Yana sara, ina jefa ƙwaya ina takewa, har rana ta take. Kafin azahar tiya huɗun nan duk sun shiga ƙasa, a gonaki huɗu.

Ranar Litinin na je na ba Baba Dogara haƙuri. Ya ce ya wuce, ya kuma nuna mini dabarar da ya yi: ya ɗaure jan ƙyallen a jikin akwatin na'urar da ke ƙarƙashin tebur, kibod ya zauna a sake ga mai so. Malam Auwalu ya zauna da ni muka gyara sikirif ɗin ya riƙa ajiye abin da ya samu duk bayan awa ɗaya, don gaba. Gyaran da na ce zai ci kwana biyu, yini ɗaya bai cika ba.

Aikin ya kammala ranar Alhamis, ba abin da ya tare shi. Ina ni kaɗai a ɗakin na buɗe sakamakon. Na karanta sau uku. A irin shekarun da babban ruwan farko ya zo da wuri haka, shi kaɗai ba na biye, mafi yawansu wanda ya shuka nan take asara ya yi. Abin da ya fi tsira shi ne a jira ruwa na biyu. Na'urar ta kwana biyar tana lissafi ta iso inda yatsun Kawu suka iso da safiya ɗaya.

A lokacin masara ta riga ta tsiro. Na je na gani, layi-layi, kore shar. Ban gaya wa Kawu ba. Na dawo na shiga wata irin addu'a da ban taɓa jin wani mai bincike ya yi ba, ina roƙon Allah ya ƙaryata aikina. Ai mafi yawa aka ce, ba duka ba. In ruwa ya dawo cikin mako, ba wanda zai taɓa sani.

Ruwa bai dawo ba. Sama ta washe tas, rana ta dawo da zafin da ya fi na farko, don yanzu akwai ɗan laima a iska, gumi ba ya bushewa. Goman ƙarshe ta shigo a haka. Rijiyar gidanmu ta ja baya har sai an ƙara igiya. Na daina cin abin kirki a buɗa-baki, in kurɓi kunu in ture, maigidana yana zaton aiki ne. Aka fita roƙon ruwa a Samaru, aka fita a Bomo, Baba Dogara ya ce su ma sun yi a coci ranar Lahadi. Duk la'asar ina baranda ina kallon gabas. Wata rana hadari ya haɗu sosai har aka fara yayyafi, na ɗaga hannu sama, sai iska ta kwashe shi ta yi yamma da shi.

Da Sallah muka je gaishe da Kawu. Bayan an ci tuwo na zame na nufi gona. Ganyen masarar ya nannaɗe ya zama siriri kamar tsinken tsintsiya, wasu sun kwanta, in ka taɓa sai su karye. Na tsaya a wurin da sabon leshi a jikina na yi kuka mai isata. Da na dawo na ji Kawu a zaure yana kare ni a gaban Malam Bawa.

"Na'ura ai ba Allah ba ce," yake cewa. "Ta faɗi iyakan abin da ta gani. Yarinyan nan ba ta barci saboda mu. Wanda ya ce laifin ta ne, ya zo ya same ni."

Ruwan kirki sai bayan Sallah da kwana shida ya sauko, ya kwana yana yi, ya sake yi washegari. Na buga sakamakon a takarda na sa a jaka, ko da yake na san Kawu ba ya karatun boko. Ina jin ni ce nake bukatar abin riƙewa. Na same shi shi kaɗai a gona. Irin masara ya ƙare, nasa da nawa, sai ya kwance dawar da ke rumbu yana maye gurbi da ita. Gumi ya jiƙa bayan rigarsa.

"Kawu, ina da magana."

"Ina ji, Uwata."

Na gaya masa duka. Na ce ranar Asabar ɗin nan na'ura ba ta ce komai ba, a kashe take tun Juma'a. Na ce ni ce na faɗa, don kunya. Na ce da ta gama, abin da ya faɗa shi ta faɗa. Na miƙa masa takardar.

Bai karɓa ba. Ya dogara a kan sungumi yana kallon ƙasa, har na fara jin kukan kurciya daga kan ɗorawa. Na so ya yi faɗa. Na so ya ce Allah ya isa, ko ya kira ni da sunana sau ɗaya a rayuwarsa.

"Su Bawa ba za su ji wannan daga baki na ba," in ji shi daga ƙarshe. "Ke ma kar su ji daga naki." Ya tura mini ƙwaryar dawa da ƙafa. "Biyo ni ki rufe."

Na tuɓe takalmi na bi shi. Muka yi ta yi har la'asar. Dawar ta yi daidai gwargwado a shekarar, ba a yi yunwa ba, amma yaran gidaje huɗu ba su ga gasasshiyar masara daga gonar ubansu ba, kuma a watan da masarar ya kamata ta cike gibi kafin dawa ta nuna, sau ɗaya ake ɗora tukunya a gidan Kawu. Wannan daga bakin matarsa na ji, shi bai taɓa faɗa ba.

Na gama digirin. Aikin nan ya girma, yanzu ƙungiyoyin manoma daga nesa suke aiko mini da tambaya in damina ta gabato, kuma ina gaya musu abin da lissafi ya nuna da inda bai sani ba. Kawu Ilu ya yi damina shida bayan wannan. Duk zuwan da na yi yakan tashi ya ba ni buzunsa, ya kira ni Uwata, ya tambayi maigida da yara da wurin aiki, har Baba Dogara yakan ce in gaishe masa. Nakan kai ziyarar da gangan a farkon damina, in zauna kusa da shi a zaure, amsar tana bakina, wannan karon ta gaskiya. Har ya koma ga Allah bai sake tambayata zancen ruwa ba.